Hanyar Bakin Tafki Inda Na Wuce Yaya

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Daga unguwar Nima ta Akra, zuwa ga 'yata a Kumasi.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan mota ta sauke ki lafiya, kin sami ɗaki mai kyau da abokan zama nagari. Allah ya tsare ki a gari da daji, ya sa karatun ungozoman nan da kika tafi yi ya zama alheri gare ki da matan da za su faɗo hannunki. Na cusa takardar nan ƙarƙashin zannuwanki don kada ki gan ta sai kin isa. Da hannuna na rubuta, da ajamin da kakanki ya koya mana. Ban kai wa mai rubuta wasiƙa na bakin fos ofis ba, domin abin da ke ciki ba na kunnen kowa ba ne.

Ranar da kika dawo daga ganin makarantar, kina ta zuba kamar rediyo, ni kuma ina dama kokon kasuwa. Kika ce ɗakin kwananku yana kusa da babban cocin nan mai hasumiya biyu, wanda tun muna Kumasi ake gininsa. Kika ce ran Asabar malamanku kan kwashi ɗalibai zuwa tafkin Bosomtwi, ku bi bakin ruwa da ƙafa, daga wannan ƙauye zuwa wancan. Kika ce, "Inna, wai hanyar ba wuya, ko tsohuwa za ta bi." Na ce miki, "Tafiya ba kaya a ka, ba saye ba sayarwa? Lalle boko ya gama da ku." Kika yi dariya kika shige ɗaki. Ba ki ga ludayin ya suɓuce mini cikin tukunya ba.

Na san hanyar nan. A kanta aka haife ki, kuma ba ni na haife ki ba. Yayata ce ta haife ki, wadda muka ce miki zazzaɓi ya kashe ta a wurin fatauci. Babanki, Allah ya jiƙan sa, babanki ne na jini, ita ya fara aura. Ki nemi wuri ki zauna ki karanta har ƙarshe. In kin gama, ke za ki yanke ko har yanzu ni Innarki ce. Tsorona ke nan, ba zan ɓoye miki ba, don Allah bai ba ni wani ɗa ba sai ke.

Shekarar da ta biyo bayan girgizar ƙasar Akra, ina da shekara sha shida, ina zaune wurin Yaya a zangon Kumasi tun rasuwar uwarmu. Sana'arta bandar kifi. Takan bi mata su gangara tafkin, su sayo ƙananan karfasa a ƙauyukan bakin ruwa, su dawo su sayar. Sau biyu ta taɓa tafiya da ni. Da cikinki ya kai wata takwas sai ta daina zuwa, babanki kuma ya yi arewa da goro. Ga Salla ta matso, sa'annina duk sun yanki sabon zane, ni kuma na ƙwallafa rai sai na ɗauko kwandon kifi nawa na kaina na sayar na yi nawa. Sauran matan sun riga sun tafi, kuma ba a barin budurwa ta je ita kaɗai.

Na ce, "Yaya, hanyar nan fa ba komai, a shimfiɗe take kamar tabarma."

Ta ce, "Hajara, dubi ƙafata. Ko takalmi ba ya shiga."

Na kumbura baki, na ƙi cin abinci kwana biyu. Ran na uku ta ajiye mini tuwo a gaba ta ce, "To na ji, uwar rigima. Ci, gobe mu tafi."

Kuskurena na farko ke nan. Ban yi mata ƙarya ba, hanyar shimfiɗaɗɗiya ce. Amma da ƙafata na auna ta, ƙafar yarinyar da ba ta ɗauke da komai. Don haka, 'yata, duk ranar da za ki ce wa wani hanya ba wuya, ki fara duban ƙafarsa. A aikinki ma haka ne. Mace za ta zo miki daga ƙauye tana nishi, kada ki ce mata me ya hana ta zuwa da wuri, ga asibiti nan kusa. Ki tambaye ta yadda ta zo. Kuma in mai ƙaunarki ya ce miki a'a, kada ki sa shi a gaba da fushi har ya ce to. Yaya ba don ta gamsu ta tashi ba, don kada in kwana da yunwa ne.

Mota ta sauke mu a garin da ke kan tudu, muka gangara a hankali, Yaya tana dafa itatuwa. Kafin azahar muka isa ƙauyen farko, inda take sauka a gidan wata tsohuwa, Maame Adwoa. Tsohuwar ta fito tana mana akwaaba, wato maraba, ta dubi cikin Yaya, ta yi mata faɗa da yarensu na Twi kamar 'yarta, ta shimfiɗa mata tabarma a inuwa. Nufinmu mu kwana biyu a nan, mu sayi kifi, Yaya ta huta, mu koma.

Mutanen tafkin nan suna da al'adarsu. Ba sa sa ƙarfe a ruwan, ba sa sa kwalekwale. Masuntansu kan hau guntun katako ne su tuƙa da hannu. Sun ce nan matattunsu ke zuwa sallama kafin su wuce. Mu ba mu yarda da wannan ba, Yaya ma ba ta yarda ba, amma duk zuwan da za ta yi da butar duma take zuwa. Ni kuwa ina da sabuwar butar ƙarfe mai sheƙi, ina ji da ita. Da lokacin salla ya yi na nufi bakin ruwa. Maame ta biyo ni da gudu-gudu irin na tsofaffi, da ƙwarya a hannu, tana cewa, "Daabi, daabi," wato a'a. Na san abin da take nufi sarai, an gaya mini tun zuwan farko. Na dube ta ido cikin ido, na tsoma butar har wuya, na ce, "Ruwan Allah ne, ba na kakan kowa ba."

Mata suka daina wanke kifi, masunta suka miƙe daga katakansu. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya ɗaga hannu. Maame ta je ta gaya wa Yaya cewa in zo gaban dattawan gari in ba da haƙuri, magana ta mutu, sun san yarinya ce.

Yaya ta ja ni gefe ta ce, "Je ki ba su haƙuri. Ba a ce ki yi wa ruwa sujada ba. Mutane kika ɓata wa rai, mutanen da ke ba mu wurin kwana."

Na ce, "Ni in durƙusa wa arna? Allah ya kiyaye."

Ta ce, "Haba Hajara. Kalma ɗaya fa."

Na sungumi kwandona na ce in ba za su sayar mana ba, ai ƙauye ba ɗaya ba ne, mu wuce na gaba. Na kama hanya. Yaya ba za ta bar ni in tafi ni kaɗai ba, na kuwa san haka. Ta tashi daga tabarmar nan da ƙyar ta biyo ni.

Wannan shi ne na biyu, kuma ina so ki ji shi da kyau, ke da za ki kwana ki tashi da ƙararrawar coci a kunne. Ki riƙe sallarki, kada ki sassauta ko da su Sista ne ke ba ki maki. Amma riƙon addini daban, rashin kunya daban. Ni ranar nan ba Allah nake karewa ba, butata nake nunawa. Alwalar da aka yi da ƙwarya ba ta fi ta ƙarfe ƙarancin lada ba. Mu 'yan zango baƙi ne, kakanninmu ma da sallama suka shigo ƙasar nan. In kin isa wurin mutane ki tambayi abin da ba sa so, in bai taɓa imaninki ba ki bar musu. In kuma kin yi kuskure, ki ba da haƙuri tun rana ba ta juya ba.

Matan fatauci suna da ƙa'idar tafiya, Yaya ta koya mini tun ranar farko. A jere ake tafiya. Mai rauni ita ce a gaba, da takunta kowa ke tafiya. Mai ƙarfi ita ce a ƙarshe, kuma ba ta wuce kowa, ko da hadari ya taso. Da muka fita ƙauyen na tsaya, Yaya ta shige gaba, na bi bayanta kamar yadda aka saba.

Ba zan ɓata miki hanyar ba, tana da kyau. Ruwa na hannun hagu, a kwance lumui, duwatsu masu duhun itace sun kewaye shi ta ko'ina. Hannun dama gonakin koko ne da ayaba, inuwa har kan hanya, ƙasa a take ba tudu ba kwari. Kana tafe kana jin masunta suna kiran juna daga tsakiyar ruwa. Yara kan bi ta da tulu a ka suna wasa.

Yaya tana tafe tana mini faɗa, tana tsayawa tana numfashi, ta ci gaba. Ta ce na zubar mata da mutuncin shekara biyar. Ta ce da uwarmu na raye da ta sha kunya. Wannan ta ƙarshen ce ta ƙona mini rai. Na ce, "To ki zauna da mutuncinki," na raɓa ta gefenta na wuce. Har kwandona ya gogi kafaɗarta.

Ta ce, "Hajara, jira ni."

Ban waiwaya ba. Can na sake jin ta, murya ƙasa-ƙasa, "Hajara." Na ce a raina faɗan ne ba ta gama ba. Na ƙara sauri, hanya ta karya kwana, na daina jin ta.

Na isa ƙauyen gaba, na zauna gindin bishiya. Na sayi gasasshiyar ayaba da gyaɗa na ci har na ƙoshi. Wallahi har shirya maganar da zan mayar mata nake yi in ta iso. Sai da inuwa ta yi tsawo, la'asar ta yi, sannan na ankara har yanzu ba ta iso ba. Na bar kwandon a nan na juya da gudu.

Kusa da inda na wuce ta na hango wasu mata a gindin itacen koko, sun ware zannuwansu sun yi labule. Kafin in ƙarasa na ji kukan jariri. Ashe Maame Adwoa ta ga yadda Yaya ke taku lokacin da muka fita, ta san abin da ke tafe, ta biyo bayanmu da sandarta. Ita ta same ta a durƙushe ita kaɗai, ita ta ƙwala wa matan gona kira, ita ta karɓe ki. Tsohuwar da na yi wa rashin kunya da azahar.

Kin fito lafiya, amma jini ya ƙi tsayawa. Sun yi duk abin da suka sani. Na durƙusa kusa da kan Yaya, ina jiran ta zage ni, ina ma roƙon Allah ta zage ni. Ta buɗe ido ta dube ni ta ce, "Kin sami abin da kika ci?" Sai ta nuna mini ke. Ta ce, "Karɓe ta. Riƙe ta da kyau, kin cika gaggawa." Na karɓe ki. Na yi ta maimaita mata kalmar shahada tana bi, har ta daina bi. Rana ba ta faɗi ba ta cika.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Mai yiwuwa ko a gadonta na zango haka za ta faru. Amma Allah bai ce in wuce ta ba, ni na wuce, kuskurena na uku ke nan. Ta yi naƙuda ita kaɗai a kan hanya tana kiran sunana, ni ina can ina cin ayaba. Shekara ashirin ke nan, ban taɓa wuni ban tuna ba. Saboda haka, 'yata, in kuna tafiya a bakin tafkin nan, ko a ko'ina, ke mai ƙafa ce, ki zama ta ƙarshe. In kuna faɗa da abokiyar tafiya, ku yi faɗanku kuna tare. In an kira ki daga baya, ki waiwaya, ko da kin tabbata zagi ne. Waiwaye bai taɓa rage wa kowa komai ba, ni kuwa rashinsa ya cinye mini 'yar'uwa.

Mazan ƙauyen farkon nan, su da na ce ba zan durƙusa musu ba, su suka zo suka ɗauki gawar Yaya a kan katakon kamun kifi. Su suka haƙa kabari a tudun bayan gari, kusa da wani babban rimi. Suka aika gonaki aka kira 'yan ƙwadago Mosawa Musulmi, aka yi mata salla da safe yadda ya kamata. Ba wanda ya ta da maganar buta. Surukar Maame, Abena, tana goyon ɗa namiji mai suna Kwaku. Ta ɗauke ki ta sa miki nono ba tare da an roƙe ta ba, ta shayar da ke wata huɗu, ina zaune a gidan ina cin abincinsu. Ki riƙe wannan, shari'a ce: Kwaku ɗan'uwanki ne na nono, shi da duk 'ya'yan Abena. Babu aure tsakaninku, akwai zumunci.

Kuskuren na huɗu shi ya fi daɗewa. Da babanki ya dawo aka gama zaman makoki, manya suka ga ya dace ya aure ni don in riƙe ki. Na yarda, amma na roƙe shi mu bar Kumasi. Muka zo Nima tun tana 'yan bukkoki da ciyawa, inda ba wanda ya san mu. Na roƙe shi kada ya gaya miki. Ya ce, "Hajara, yau ta fi sauƙin faɗa a kan gobe." Na ce sai kin yi wayo. Da kika yi wayo na ce sai kin gama makaranta. Ranar da zai rasu ya sake tuna mini, na ce to. Ina ce wa kaina tausayinki nake ji, alhali kaina nake tausaya wa, kada ki dube ni da wani ido. Ban koma tafkin ba, ban aika wa Maame ko goro ɗaya ba. Har haƙurin nan na kalma ɗaya, wata huɗu ina gidansu, nauyin baki ya hana ni bayarwa. Ke ungozoma za ki zama, kuma wata rana hannunki zai yi kuskure, don ba ki fi kowa ba. Ranar ki je ki faɗa da bakinki kafin a tambaye ki. Abin da aka ɓoye kullum ƙara nauyi yake, ni na ɗauka, na sani.

Ban rubuto don in hana ki zuwa ba. Ki je, ki sha iskarki da ƙawayenki. Ku fita da sassafe, ku juyo kafin la'asar. Ki sa takalmin roba, ba mai tsinin nan da kika saya a Zongo Lane ba. In an yi ruwa, ƙoramun da ke gangarowa tafkin kan cika, ku jira su janye. Ki gaida duk manomin da kika tarar, kada ki tsinki kokon kowa. Akwai butar duma a kusurwar akwatinki, na sa an nemo mini a kasuwar Malam Atta, da ita za ki je.

Amma wata Asabar ɗin ki ware, ki nemi abokiya ɗaya mai hankali, ku sauka ƙauyen farko in an gangaro daga tudu. Ki tambayi gidan Maame Adwoa. Ban sa rai tana raye ba, amma gidan yana nan in Allah ya so. A akwatinki na sa goro cikin ganye da turmin atamfa, goron na dattawan gari ne, atamfar kuma ta Abena. Ki durƙusa ki gaishe su. Ki ce yarinyar nan Bahausa mai butar ƙarfe ce ta aiko ki, ta ce a yi haƙuri. Tsofaffinsu za su gane. Sannan ki ce su kai ki gindin rimin. Ki karanta mata Ƙulhuwallahu, ki gaya mata aikin da kike koyo.

Saura abu ɗaya. Duk Nima, har maƙwabciyarmu Maamobi, an san ba na kiran sunanki. Sai in ce "ke", ko "'yar nan", mata su yi ta tsokanata wai kunyar 'yar fari ta yi mini yawa, ni ma in taya su dariya. Ba kunyar 'yar fari ba ce. Ranar suna babanki ba ya nan, Mosawan nan suka tambaye ni sunan da za a raɗa miki, na ba su sunan uwarki. Tun daga ranar bakina ya kasa ɗaukarsa. In na buɗe baki zan kira ki, sai in ji kamar ita za ta amsa, ni kuwa da ta kira ni ban amsa ba.

Yau zan rubuta shi, tunda bakin ya ƙi. Rakiya. Rakiya, ki yafe mini.

Ba sai kin yi gaggawar ba ni amsa ba. In kin ga ba za ki iya zuwa hutun nan ba, ba zan ce kin yi laifi ba. Ɗakinki yana nan a share.

Allah ya kiyaye ki a tudu da bakin ruwa, ya haɗa ki da abokan tafiya masu jira. Allah ya sa hannunki ya zama sanadin rayuwa. Allah ya jiƙan uwarki da babanki, ya haskaka kabarinsu. Allah ya kai ki lafiya, ya dawo da ke lafiya, ko wurina ko inda ranki ya fi kwanciya. Amin. Wassalam.

Ni ce Hajara, wadda ta goya ki.